Jan Fenti a Bangon Yaya

Shekara goma sha ɗaya na yi ina hawan pilon, dogayen ƙarafan nan da kamfanonin waya suke kafawa a kan tudu. 'Yan Najeriya da ke zuwa kasuwanci unguwarmu ƙarfen sabis suke ce masa, mu kuwa haifaffun Yawunde pilon muka sani. Aikina ɗaura faranti da saita shi. Faranti wani farin abu ne mai kama da ganga, ana ɗaure shi can sama ya dubi ɗan'uwansa da ke kan wani tudun, su riƙa jefa wa juna saƙo ta iska. Duk kiran da ka buga ta tsakaninsu yake bi. In farantin ya kauce ko da faɗin yatsa biyu ne, rezo, wato sabis ɗin waya, ya lalace wa unguwa guda.

Duk wanda ya yi wannan aiki ya san ruwan sama ba ya shiri da faranti. Da an tsuge da ruwa tsakanin faranti biyu sai saƙon ya yi rauni, in ruwan mai ƙarfi ne ya kusa ɗaukewa. Daga ofis sai a yi ta kiranmu ana faɗa, a ce mu je mu duba abin da muka ɓata. Mu hau babur cikin ruwa, mu isa a jiƙe sharkaf, mu tarar babu abin da ya ɓaci. Ruwa na ɗaukewa komai ya koma daidai. Haka na yi ta shan zagi a kan laifin hadari, har ranar da ƙafata ta zame daga jiƙaƙƙen tsani, gwiwata ta tashi aiki. Daga nan na kafa teburin gyaran waya a Briqueterie, unguwar da aka haife ni, wadda mu 'yan cikinta Birik muke ce mata. Teburin yana kusa da masu tsire, kullum tufafina da ƙaurin nama nake komawa gida.

Gidanmu na gado yana can ƙasa cikin kwari, a bakin ƙorama, irin wurin da 'yan gari ke kira elobi, wato fadama. Babanmu ne ya gina shi da jan bulo tun kafin a haife ni, lokacin da yake fataucin goro. Ni da matata muna haya a sama, wajen titi. Yayata ce ke zaune a gidan. Ta girme ni da shekara goma sha huɗu, kuma ita ta raine ni, don ban san mahaifiyarmu ba sai a hoto. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya mata uku, ta kafa injin niƙa a zaure, da shi ta ciyar da su har ta aurar da biyu. Ba ta kiran sunana, Auta take ce mini ko a gaban 'ya'yana.

Wanda bai zauna a kwarin ba, ba zai gane yadda ruwa yake shammatarmu ba. Ruwan da ke shiga ɗakunanmu ba a kanmu ake yin sa ba. A tudun Tsinga da na Nkomkana ake yi, ya gangaro mana. Sai ka ga rana tas a Birik, mata sun yi shanya, kawai ka ji ƙorama ta sauya murya. Kafin ka nemo takalmi jan ruwa ya shigo tsakar gida, ɗauke da robobi da tsummoki da mushen kaji, da duk abin da mutanen sama suka zuba a rigol, wato magudanar bakin titi. Babanmu yana da wata ɗabi'a. Duk shekarar da ruwa ya shigo, in ya janye, sai ya ɗauki gawayi ya ja layi a bangon bayan ƙofar zaure daidai inda ruwan ya tsaya, ya rubuta shekarar da ajami. Bayan rasuwarsa Yaya ta ci gaba, ita da ƙusa take karce nata. Layukan Baba ba su wuce gwiwa ba. Na Yaya sun kai ƙugu.

Wata rana wani tsohon abokin aikina ya zo teburina tare da wata mata gajera, sanye da takalman roba masu dogon wuya duk da ba a yi ruwa ba. Ya ce malamar jami'a ce, daga yammacin ƙasa take, ya bar mu ya tafi.

"Gran frer," ta ce da Faransanci, wato babban yaya, "an ce kai ka ɗaura farantan Tsinga."

Na ce ni ne, amma in sun lalace yanzu ba ruwana.

Ta yi dariya. "Lafiyarsu lau. Ka san abin da suke yi in ana ruwa?"

Na nuna mata gwiwata na ce, "Madam, tambayi wannan."

Ta ja benci ta zauna, ta ɗauki bayan kwalin waya ta zana mini tudu biyu da layi a tsakaninsu. Ta ce raunin nan da saƙo yake yi ba shirme ba ne, ma'auni ne. Yayyafi yana rage shi kaɗan, mamako yana rage shi da yawa, kuma in ka san tsawon layin za ka iya lissafa yawan ruwan da ke zuba a kansa a daidai wannan lokaci. Ma'aunan ruwa na ainihi ba su da yawa a garin, amma faranti ko'ina akwai shi, a kan kowane tudu. Kamfanin ya yarda ya riƙa ba su alƙaluman. Kwamfuta za ta yi lissafi, in ta ga ruwan da ke sauka a tudu ya kai na ɓarna, ta turo saƙo kafin ya iso kwari.

"Abu biyu nake nema," in ji ta. "Ban san ruwa nawa a Tsinga ne yake zama ruwa iya gwiwa a ɗakunanku ba. Sai na shiga gidaje na ga inda ya saba kaiwa. Sannan saƙon da Faransanci zai zo, ina son wanda zai mayar da shi Hausa da Fulatanci, wanda kuma in ya yi magana za a saurara."

Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Abin da na yi shekaru ana zagina a kansa, yau ga mai digiri ta zo har teburina tana cewa zai ceci rai. Ban nemi shawarar kowa ba na ce mata na yarda.

Mutanen kwari ba su yi saurin yarda kamar ni ba. Ranar farko ƙofa shida muka buga, aka ce masu gidan ba sa nan, alhali muna jin tarinsu daga ciki. Akwai wani mai wankin hula da ya zo daga wajen Katsina bai fi shekara biyar ba, yana zaune a bakin lungu inda kwarin ya fara. Ya dubi awon da ke hannun Madam, ya dube ni, ya ce, "Malam, ni dai a inda na fito, ban taɓa ganin an auna gidan talaka don a ƙara masa ɗaki ba." Ya ce shi da mai gidan da yake haya sun gode, Allah ya ba da sa'a. Na ce a raina baƙo ne, bai san yadda ruwan nan yake ba.

Sai na tafi wurin Yaya. Na same ta ta kashe inji tana share gari daga gashin girarta. Na yi mata bayani tun daga faranti har saƙo. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Auta, ni ban san faranti ba. Kai na sani. Ka san gidan nan ba shi da takardar gwamnati, sai wadda Baba ya dangwala wa hannu da mai filin. Ka tabbata abin nan ba zai jawo mana ido ba?"

Na ce, "Yaya, 'yan makaranta ne, ba hukuma ba. In da cuta a ciki zan kawo miki ita har gida?"

Ta ce, "To, shigo da ita."

Da Madam ta ga bangon bayan ƙofa sai ta durƙusa tana bin layukan da yatsa ba tare da ta taɓa su ba. Na karanta mata ajamin Baba ɗaya bayan ɗaya tana rubutawa. Ta ce a duk yawon da ta yi ba ta ga abu mai daraja irin wannan ba. Ta auna, ta ɗauki hoto, ta fito da wata 'yar na'ura mai faɗin inda gida yake a doron ƙasa, ta rubuta a littafinta: gida na ɗaya. Yaya ta dama mata kunun gyaɗa, ta sha kofi biyu.

Tunda Yaya ta buɗe, sauran ma suka buɗe. Kowa ya san ta, kowa a injinta yake niƙa. Mako uku muka yi muna shiga gidaje, ina ɗingishi a gaba, Madam na biye. Mata suka riƙa nuna mana inda ruwa ya cinye ƙafar gado, inda fenti ya kumbura, inda aka ɗora akwati a kan bulo. Kowane gida ta ba shi lamba. Na haɗa lambobin wayar mutane na buɗe mana guruf a waya.

Saƙon farko na gaske ya zo ne wata Alhamis bayan azahar, a babbar damina, don damina biyu ake yi a Yawunde kowace shekara. Ina cire gilashin wata waya tawa ta yi ƙara. Gajeren rubutu ne, ruwa mai ƙarfi a tudu, a ɗauke kaya. Na ɗaga kai, rana ce a kanmu, sai can wajen Nkomkana sama ta ɗan yi duhu. Na naɗi murya da Hausa, na sake da Fulatanci, na tura, na bar teburin a hannun mai tsire na gangara.

A kwari wasu dariya suka yi mini. Wata ta ce ko wayar tawa ce ta yi mafarki. Na tarar da mata huɗu a zauren Yaya da ƙoren masara suna jiran layi. Yaya ta dube ni sau ɗaya, ta kashe inji, ta ce musu kowa ta je ta kwashe shanyarta. Muka kwance motar injin ni da wani maƙwabci, muka ɗora ta a kan katanga. Ganin Yaya ta kashe inji da rana tsaka, lungun ya motsa. Aka ɗora katifu a kan rufi, aka kora yara sama. Akwai wata tsohuwa da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, muka ɗauke ta a kan kujera har masallacin tudu, tana ta faɗa wai mun fito da ita ba kallabi.

Mun yi kamar rabin sa'a muna tsaye a sama, babu komai. Na fara jin gumi yana bin bayana. Sai ƙorama ta yi wannan kukan nata. Ruwan da ya zo ranar ya wuce duk layukan da ke bango, ya kai mini ƙirji da na shiga daga baya. Ɗakin tsohuwar nan har saman taga. Ba a rasa rai ba, ba a rasa ko akuya ba. Kafin magariba, muna kwashe laka da kwanuka, na ji Yaya tana ce wa matan lungu, "Ƙanena ne fa. Ni na goya shi." Ban taɓa jin daɗin magana irin wannan ba, ko ranar aurena.

Damina uku abin yana aiki, babba biyu da ƙarama ɗaya. Wani lokaci saƙo ya zo a kwashe kaya ruwan ya tsaya a bakin ƙofa, a yi ta mita, amma in wani ya sake zuwa a sake kwashewa. Har mata suka riƙa tare ni a hanya suna tambaya ko su yi wanki yau.

Sai aka ce furojen, wato aikin binciken, ya zo ƙarshe, za a yi taro a wani otal. Madam ta aiko mini da katin gayyata. Na sa babbar rigata ta sallah. Ɗakin sanyi ƙalau, kowa da ruwan gora a gabansa. Madam ta yi bayani, ta ambaci Alhamis ɗin nan, ta ce in miƙe a gan ni, aka tafa. Sannan aka haska bangon bayan ƙofarmu a majigi, ga ajamin Baba ya fi tsayin mutum. Hawaye ya cika mini ido. Bayan shi aka haska taswirar unguwa, an shafa wa tudu kore, gangare ruwan ɗorawa, kwarinmu ja wur, kowane gida da lambarsa. Wani mutum mai kwat a layin gaba ya ɗaga hannu ya ce wannan aiki ne mai kyau, taswirar za ta taimaka musu ƙwarai, yana fatan za a ba ofishinsu kwafi. Aka ce ai dama don su aka yi. Aka sake tafi. Na fi kowa tafi a ɗakin. Na koma gida da jakar takardu da biro, na ba 'yata.

Ba a daɗe ba saƙo ya daina zuwa. Na buga wa Madam, ta ce mai ɗaukar nauyin aikin ya janye, kamfanin kuma ya binne sabuwar waya a ƙarƙashin ƙasa, ya sauke farantan Tsinga tunda ba ya bukatarsu. Babu faranti, babu abin da za a auna. Ta ce tana neman hanya. Na gaya wa mutane, wasu suka ji, wasu ba su ji ba. A da mata in sun yi shanya ido ɗaya yana wajen tudu. Cikin damina ukun nan sun daina kallon sama, waya suke kallo. Ruwan farko da ya zo bayan haka ya same su a zaune. Motar injin Yaya ta sha ruwa, sai da aka sake naɗa mata waya. Duk wanda na haɗu da shi sai ya ce, "Ina saƙon?" kamar ni na riƙe shi a aljihu.

Wannan duk mai sauƙi ne. Da rani ya shigo, wata Talata da hantsi, 'yar autar Yaya ta kira ni tana kuka ta ce in zo. Na gangara na tarar da mutum uku da bokitin jan fenti, da masu kaki biyu a bayansu. Ɗaya yana riƙe da takarda yana kiran lamba, ɗaya yana zana babban kuros, wato alamar giciye, a bango, ya rubuta haruffa biyu a ƙasa. Kowa a Yawunde ya san ma'anar haruffan nan: za a rushe. Na matsa na leƙa takardar. Kore, ruwan ɗorawa, ja. Lambobin da na tsaya a kai ana rubutawa ne. Sun fara daga gida na ɗaya.

Yaya tana tsaye a bakin zaure, hannunta fari fat da gari, tana kallon fentin yana tsiyaya a kan bulon Baba. Mutanen suka bi lungu gida gida. Da suka zo bakin lungu, wajen mai wankin hula, mai takardar ya duba ya duba, ya ce wannan ba ya ciki, suka wuce. Shi da wasu gidaje kaɗan na gefe da suka ƙi buɗe mana ƙofa, babu wanda ya taɓa bangonsu. Yana zaune yana goga hula, ya sunkuyar da kai don kada mu haɗa ido. Na gode masa da wannan har yau.

Washegari na tafi jami'a. Madam ta ga hoton bangon a wayata, ta dafe kai. Ta jawo rahoton binciken daga kan teburinta ta buɗe mini shafin ƙarshe.

"Duba, gran frer. Na rubuta a yashe ƙorama, a faɗaɗa rigol a tudu, a ci gaba da saƙon. Ban rubuta a rushe ba. Ko sau ɗaya ban rubuta ba."

Na ce, "Madam, su taswirar suka karanta."

Ba ta gudu ba, wannan zan faɗa mata ko a gaban Allah. Ta rubuta wasiƙu, ta bar ajinta ta bi ni ofishin hukumar da ta aiko masu fenti. Muka wuni a kan benci har aka shigar da mu wurin wani jami'i, ba mai kwat ɗin otal ba, wani ne daban mai taushin murya. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Madam, ke da kanki kika nuna da ilimi cewa wurin nan ba ya zaunuwa. A da muna iya cewa ba mu sani ba. Yanzu in ruwa ya ci mutum gobe, wa za a tambaya?" Ya juyo gare ni ya ce ko muna da titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta gwamnati. Na miƙa masa takardar Baba mai dangwalen yatsa, wadda ta yi laushi kamar tsumma. Ya karɓa da hannu biyu, ya duba, ya mayar mini da ladabi. Ya ce masu titir za a duba lamarinsu. A duk kwarin babu mai ita.

Abin da ya fi ci mini rai, na kasa cewa ƙarya yake. Na ga ruwan Alhamis da idona. Amma mu abin da muka buɗe ƙofa dominsa shi ne a gaya mana lokacin da za mu ɗaga katifa. Babu wanda ya tambaye mu ko muna so a ɗaga mu gaba ɗaya, babu kuma wanda ya ce ga inda za mu koma.

Katafila ta zo da safe bayan 'yan makonni. Kafin nan mutane sun ɓalle kwanon rufi da tagogi da duk abin da ke ɓalluwa. Na zo da mai kura don kayan Yaya. Ta bar ni na ɗauka, ba ta hana ni ba, ba ta kuma ce in ɗauki wannan in bar wancan ba. Gidan da Baba ya yi shekaru yana ginawa ɗaki ɗaki bai ɗauki katafila lokacin shan shayi ba. Mata suna ta salati. Wani dattijo da na taso ina gaishe shi a durƙushe ya zo daf da ni ya ce, "Nawa suka ba ka?" Na sunkuya na ci gaba da ɗora kaya a kura. Yaya na jin sa, ta kau da kai.

Tun daga ranar sunana ya koma mai taswira. Ba a faɗa a gabana, amma yara suna faɗa, kuma yaro ba ya ƙirƙirar irin wannan da kansa. Masu kawo mini gyara suka ragu, suka koma wurin wani a gaba, ko da yake sun san na fi shi hannu. A masallaci ana ba ni hannu, amma sahu yakan ɗan yi mini faɗi. Guruf ɗin da na buɗe kullum sai in ga wani ya fita, har ya rage ni da wasu lambobi uku da masu su suka rasu ko suka sauya layi. Matata ta ce mu tashi mu koma Tsinga. Na ƙi. Ban san ko taurin kai ba ne ko kuwa gani nake bai kamata in samu sauƙi ba.

Madam ta samu aiki a ƙasar waje daga baya. Ta aiko mini da takardar da suka buga a kan binciken, da Turanci, ta ja layi a ƙarƙashin wata jimla a can ƙarshe inda aka gode wa mazauna unguwa. Ta haɗa da doguwar wasiƙa da hannunta tana neman gafara. Na yi niyyar amsawa sau da yawa. Ba fushi nake da ita ba, na rasa dai abin da zan rubuta.

Yaya ta samu ɗaki ɗaya a unguwar Elig-Edzoa, kusa da layin dogo, ita da 'yar autarta. Can ma gangare ne, can ma ruwa yana shiga, sai dai ba wanda ya zo ya auna tukuna. Mai gidan ya ce ba ya son ƙarar inji, don haka injin yana bayan ɗakina an lulluɓe shi da tamfol, tsatsa tana cin sa. Yanzu ƙosai take soyawa da safe a bakin hanya, mace mai shekara sittin da wani abu, hayaƙi yana ci mata ido.

Na yi wata biyu ban iya zuwa ba. Ranar da na je, da la'asar, na same ta tana surfa wake. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta tambayi matata da yara ɗaya bayan ɗaya, ta sa aka kawo mini ruwa. Jirgin kaya ya wuce, kwanukan da ke jere a ɗakin suka yi ta kaɗawa har ya yi nisa.

Na ce, "Yaya, ki yafe mini."

Ta ci gaba da murza waken a cikin ruwa. Ta ce, "Me ka yi?"

"Ni na shigo da ita."

"Ni na ce ka shigo da ita." Ta tsiyaye ruwan, ta zuba wani. "Na san ba da gangan ka yi ba. Da da gangan ne, da na san yadda zan yi fushi da kai, in yi in gama. Yanzu kuwa abin yana nan a ƙirjina, na rasa wanda zan ba."

Na ce ko za ta dawo wurina ta zauna, mu matsa mata ɗaki.

Ta girgiza kai. "In fito kullum in ga wurin? A'a. An ce mota ake wankewa a kai yanzu."

Gaskiya ne. Filin da aka share ba a yashe ƙoramarsa ba, ba a dasa ko bishiya ba. Wasu samari sun baje tsakuwa, suna jan ruwan ƙoramar da famfo suna wanke motocin mutanen tudu. Daidai inda zaurenmu yake nan suke jera bokitai. In ruwa ya zo su tattara su hau sama, in ya janye su dawo. Ban gaya mata wannan ba, na ce eh, haka na ji.

Da zan tafi ta ƙulla mini garin ƙosai a leda ta ce in kai wa yara. Ta rako ni har bakin layin dogo, abin da ba ta saba yi ba, don a da daga zaure take ɗaga mini hannu. Na tsallaka, na waiwaya, ta riga ta juya tana tafiya a hankali, hannu ɗaya a ƙugu. Ina zuwa duk Juma'a ta biyu. Muna hirar farashin wake, da ciwon ƙafarta, da wanda ya haihu da wanda ya rasu. Ba ta taɓa tambayata labarin Birik ba, ni ma ba na kawowa.